Me kalbindin, kalretinin da farbalbumin suke yi a cikin ido?

Wata ɗalibar anatomi da ke aji huɗu ta turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam ina furojet ne a kan retinar ɓeran Wista masu ciwon suga, sufabaiza ya ce in rina da kalbindin, kalretinin da farbalbumin. Ni dai na san kalsiyam na ƙashi ne, me ya kai shi ido? Sannan takarda ɗaya ta ce kalretinin ke nuna ƙwayar AII, wata kuma ta ce farbalbumin, wa ya yi kuskure a cikinsu? Kuma Mama ta ji ina maganar ta ce wai ko in sayo mata maganin kalsiyam saboda idonta."

To ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Tambayar tsakiyar, ta AII (wata ƙwayar jijiya ce a retina, tantanin gani na bayan ido), ita ce mafi sauƙi, babu wanda ya yi kuskure, ki koma ki duba wace dabba kowace takarda ta yi aiki da ita, za ki ga ba ɗaya ba ce. Zan dawo kan wannan da kyau don nan ne ɗalibai suke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Amma bari mu fara da kalsiyam ɗin kansa.

Gaskiya ne kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin mutum yana ƙashi da haƙori, wannan shi ne na gini, kamar siminti. Ɗan ragowar nan kuwa ba gini yake yi ba, aike yake kaiwa. A ruwan da ke kewaye da ƙwayar jijiya akwai kalsiyam sake wajen milimola 1 da ɗan wani abu, amma a cikin ƙwayar in tana hutawa bai wuce nanomola 100 ba, wato na waje ya ninka na ciki sau dubu goma ko fiye. Ƙwayar da gangan take kashe ƙarfinta tana kwashe shi tana fitarwa dare da rana, saboda in ɗaki ya yi tsit ko allura ta faɗi sai an ji, to haka in aka ɗan buɗe ƙofa kalsiyam kaɗan ya shigo duk cikin ƙwayar sai ta san an yi magana. Matsalar ita ce shi kalsiyam ba a narkar da shi, ba a ƙona shi kamar suga, ko dai a fitar da shi ko a kama shi a riƙe, kuma in ya yi yawa ya daɗe kashe ƙwayar yake yi. Nan furotin masu kama kalsiyam suka samu aikin yi.

Ni nakan raba su gida biyu in ina lakca, duk da rabon ba tsaf yake ba. Akwai masu ajiya, su kama shi su riƙe na ɗan lokaci su sake shi a hankali, su ne naki ukun. Akwai kuma masu kai rahoto, waɗanda in kalsiyam ya hau kansu sai siffarsu ta canza su je su taɓa wani furotin su ce masa fara ko tsaya, irin su kalmodulin, rikobarin, GCAP da CaBP4. Dukkansu dangi ɗaya ne, da hannu iri ɗaya suke kamu. Robert Kretsinger ne ya gano siffar hannun a 1973 lokacin da ya warware tsarin farbalbumin na tsokar kifi. Ki ɗaga hannun dama ki miƙe babban yatsa da manuniya, ki lanƙwasa na tsakiya kamar kin riƙe ƙwayar gyaɗa, to yatsu biyun da suka miƙe su ne murɗaɗɗun sassan da ya lakaba wa E da F, lanƙwasar nan mai amino asid 12 kuma ita ke rungume kalsiyam. Shi ya sa ake cewa hannun EF.

Retina kin san ta, tantanin nan na bayan ido da kaurinsa bai kai rabin milimita ba a yawancin wurare. Ƙwayoyin jijiya kala biyar ne a ciki: masu karɓar haske wato rod da kon, sai baifola da ke miƙa saƙo ciki, sai gangiliyon da zarensu ke haɗuwa ya zama jijiyar gani, sai biyu masu aiki a kwance, horizantal a sama amakirin a ƙasa. A idon mutum rod sun haura miliyan 90, kon miliyan 4 da rabi, gangiliyon kuma miliyan ɗaya da 'yan kai. Shi kenan, wannan ya ishe mu.

Bari in fara da masu kai rahoto duk da ba su aka ba ki ba, don a wurinsu ne aka san aikin kalsiyam ciki da bai, kuma wallahi labarin ya fi daɗi. Rod ƙwaya ce mai abin mamaki, a duhu take aiki tuƙuru, haske ne yake sa ta yi shiru. A duhu akwai wani sinadari cGMP da ke riƙe ƙofofin bangonta a buɗe, sodiyam na kwarara ciki, kalsiyam ma yana bi, shi ne wajen kashi 10 zuwa 15 na abin da ke shiga. A gefe guda kuma akwai famfo da ba ya hutawa, yana shigo da sodiyam 4 ya fitar da kalsiyam 1 da fotasiyam 1. Ki ɗauka randa ce mai huji a gindi ana zuba mata ruwa ta sama, muddin ana zubawa ruwan yana nan a tsaye. Haske na faɗawa kan rodofsin, furotin ɗin da ke kama haske a rod, sai a farfasa cGMP, ƙofofi su rufe, zubi ya tsaya, amma huji bai san an daina ba yana ta tsiyaya. A rod na ƙaramin ɓeran lab an auna, kalsiyam na sauka daga wajen nanomola 250 a duhu zuwa ashirin da 'yan kai a haske mai ƙarfi. Kin ga ke nan a nan saukar kalsiyam ita ce saƙon, ba hawansa ba, akasin abin da aka saba gani a sauran jijiyoyi.

Kuma kar ki ji kunya in abin ya juya miki kai, manyan ma sun sha juyi. Tun farkon shekarun 1970 William Hagins da Shuko Yoshikami suka kawo ra'ayin cewa haske sakin kalsiyam yake yi a cikin rod, shi kuma ya je ya rufe ƙofofi, aka fi shekara goma ana kai ruwa rana a kai. Sai a 1985 Fesenko da abokan aikinsa a Rasha suka yanko ɗan guntun bangon rod suka zuba masa cGMP suka ga ƙofa ta buɗe kai tsaye ba ruwanta da kalsiyam, a shekarar nan dai King-Wai Yau da Nakatani suka nuna haske rage kalsiyam yake yi. A 1988 aka gwada riƙe kalsiyam ɗin ƙwayar a wuri ɗaya aka hana shi sauka, sai ƙwayar ta kasa sabawa da haske, ɗan haske kaɗan ta cika ta tsaya cak. Wato abin nan da ke faruwa in kin fito daga zaure mai duhu zuwa tsakar gida da rana tsaka, ki ɗan runtse ido sannan gani ya daidaita, rabon kalsiyam a ciki babba ne.

Wa ke jin saukar? A 1988 ɗin Koch da Stryer suka nuna akwai wani furotin da in kalsiyam ya ragu yake zaburar da enzayim mai ƙera cGMP, amma ba a kama shi ba. Aka shiga nema, kuma da idon shanu ake wannan aikin, a je kwata a kwaso idanu da yawa a ɓare retina a ɗaki mai jan haske. A 1991 Alexander Dizhoor da abokan aikinsa suka fito da wani furotin mai nauyin kilodalton 23 suka ce ga shi mun kama, har suka raɗa masa rikobarin, ma'ana mai farfaɗowa da ƙwaya bayan haske. Ashe ba shi ba ne, wani ne ya maƙale a cikin abin da suka tace. A 1993 da kansu suka rubuta suka janye maganar, abin da nake girmama su a kai har gobe, amma suna ya riga ya bi shi. Ainihin mai aikin, GCAP, sai a 1994 rukunin Krzysztof Palczewski suka fito da shi, na biyunsa ya biyo baya a 1995.

Ga yadda abin yake yanzu. A duhu GCAP na riƙe da kalsiyam, yana danne enzayim ɗin. Kalsiyam na sauka sai ya sake shi ya ɗauki magnesiyam a madadinsa, ya juya ya zama mai zuga, a ƙera sabon cGMP, wasu ƙofofi su sake buɗewa, ƙwaya ta dawo da sauran ƙarfin jin ƙarin haske. Ɓerayen da aka cire musu GCAP gaba ɗaya, martanin rod ɗinsu ga ƙwayar haske guda ɗaya ya kai kusan ninki biyar na lafiyayye, kuma yana jan jiki kafin ya sauka. Kamar abin kirki ko? A'a, mota ce ba birki, nan da nan take kaiwa maƙura. Shi kuwa rikobarin aikinsa na gaskiya Satoru Kawamura na Japan ne ya buɗe hanyarsa da ɗan'uwansa na idon kwaɗo: a duhu yana riƙe enzayim ɗin da ke kashe rodofsin, kalsiyam ya ragu ya sake shi, sai a riƙa kashe rodofsin da wuri. Yana da wata jela ta kitse mai kabon 14 da yake naɗewa a cikinsa kamar wuƙar aljihu, kalsiyam biyu suka hau sai jelar ta fallo waje ta soke a bangon ƙwaya. Kalmodulin ma yana zaune a jikin ƙofar yana rage mata son cGMP in kalsiyam na sama, sai dai a rod na dabbobi masu shayarwa nasa tasirin ƙarami ne in aka gwada da GCAP.

Kuma waɗannan ba labarin lab kaɗai ba ne, suna kai mutum asibiti. A 1998 aka samu wani dangi a Ingila da tangarɗa a ƙwayar gadon GCAP1, furotin ɗin ba ya jin kalsiyam da kyau sai ya ci gaba da zuga ko a duhu, cGMP da kalsiyam su taru, kon su riƙa mutuwa, mutum ya rasa ganin tsakiya da bambance kala. Rikobarin kuma nasa ya fi ban tsoro. Wani ciwon daji, galibi na huhu mai ƙananan ƙwayoyi, yakan ƙera rikobarin a inda ba muhallinsa ba, garkuwar jiki ta gan shi baƙo ta haɗa masa antibodi, antibodin nan su bi jini su je ido su far wa rod da kon. Mutum ya zo da walƙiya-walƙiya a ido da rashin gani da dare cikin 'yan makonni ko watanni, a leƙa bayan idon da farko a ga kamar lafiya lau, wani lokacin ma kafin a san yana da dajin. Sai CaBP4, shi yana can ƙafar rod da kon inda suke miƙa wa baifola saƙo, yana daidaita ƙofar kalsiyam ta wurin. In ya lalace tun haihuwa saƙo ba ya wucewa sosai, an fara lissafa shi a 2006 cikin dundumin gado, kodayake masu shi sun fi kukan raunin gani da ƙin haske. Ki lura wannan ba dundumin da muka sani a gida ba ne na ƙarancin bitamin A, wanda hanta da manja da zogale ke maganinsa, shi na gado ko buhun karas aka ci ba abin da zai canza.

To yanzu naki ukun. Abin dariya babu ko ɗaya da aka fara samu a idon dabba mai shayarwa. Kalbindin a hanjin 'yan tsaki Robert Wasserman da Taylor suka gano shi a 1966, suna binciken yadda bitamin D ke sa hanji ya sha kalsiyam, shi ya sa za ki ga an rubuta D28k a jikin kwalbar, D na bitamin ɗin, 28 nauyinsa. Na cikin jijiya dai bai damu da bitamin D ba. Kalretinin John Rogers ne ya fito da shi a 1987 daga retinar kaza, sunan ma kalsiyam ne da retina aka haɗa, kuma su biyun 'yan ɗaki ɗaya ne, kusan kashi 58 cikin 100 na jerin amino asid ɗinsu iri ɗaya ne, kowanne hannu shida gare shi, kalbindin na kamu da huɗu kalretinin da biyar. Ki riƙe wannan kamannin, zai dawo. Farbalbumin shi ne ƙaraminsu, kilodalton 12, hannu biyu ke aiki, yana cike a tsokar kifi, kuma yawancin masu borin jini in sun ci kifi shi ne yake tayar musu.

Bambancinsu na aiki a sauri yake. Kalbindin da kalretinin carab suke cafkewa, don haka suna rage tsinin hawan kalsiyam tun yana shigowa. Farbalbumin kuwa a lokacin hutu magnesiyam ne zaune a kujerarsa, kamar a-daidaita-sahu ce da fasinja a ciki, sai ya sauka tukuna sabo ya hau, to kafin a yi haka tsinin ya riga ya wuce, abin da yake iya yi shi ne ya gaggauta share ragowar don saƙo na biyu ya tarar da wuri a share. Shi ya sa ake yawan samunsa a jijiyoyi masu harbi da sauri-sauri da tsoka mai saurin motsi.

Amma in faɗa miki gaskiya, sufabaizanki ba don wannan ya ce ki rina da su ba. Don lamba ne. Retina cike take da ƙwayoyi masu kama da juna, a ƙaramin ɓera kaɗai an ƙirga baifola kala 15, gangiliyon sama da 40, amakirin sama da 60, in kika yi rinin lab na yau da kullum, wato H da E, duk ƙwallaye shuɗaye za ki gani a jere. Sai aka yi sa'a kowane ɗaya cikin furotin ɗin nan wasu ƙwayoyi ne kawai ke ɗauke da shi, kuma yana narke a ruwan ƙwayar ne don haka rini na cika ta tun daga jiki har ƙarshen rassa, ki ga siffarta ɗoɗar. Kamar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbobinsa ne. Heinz Wässle da mutanensa a cibiyar Max Planck ta Farankfot a Jamus sun yi shekaru suna wannan aikin dabba bayan dabba, yawancin abin da zan faɗa yanzu daga irin aikinsu ya fito.

Ga ramin. Mu da Hausa duk ɓera muke cewa, wasu su ce kusu, amma a lab dabbobi biyu ne daban, akwai babba irin naki Wista akwai ƙarami, kuma shaidarsu ba ɗaya ba ce. Ita AII, amakirin ɗin da Helga Kolb da Famiglietti suka bayyana a idon kyanwa a tsakiyar shekarun 1970, ita ce gadar ganin dare, baifolar rod ba ta kai saƙo ga gangiliyon da kanta, sai ta ba AII ita kuma ta zuba shi a layin kon. A babban ɓera farbalbumin ke nuna ta, Wässle ya nuna haka a 1993. A biri da mutum da kyanwa kalretinin ne. A zomo duka biyun suna kama ta. A ƙaramin ɓera kuwa ba a dogara da ko ɗaya, wasu furotin daban, Dab1 ko Prox1, ake nema, farbalbumin a wurinsa gangiliyon yake fi nunawa, kala-kala. Ƙwaya ɗaya, aiki ɗaya, wayoyinta iri ɗaya, riga daban. Don haka takardarki ta kalretinin ina kyautata zaton ta biri ce ko mutum, ke kuma da Wista kike aiki, farbalbumin ne naki: ki nemi jikin ƙwayar a sahun ciki na hawan tsakiya na retina dab da iyaka, da kakkauran reshe guda da ya sauka, 'yan ƙulle-ƙulle a sama, siraran rassa a ƙasa.

Kalbindin a ɓeraye duka biyun shi ne sarkin nuna horizantal, kuma an huta don kala ɗaya tak suke da ita, za ki gan su manya jefi-jefi a saman hawan tsakiya da layi mai kauri a kwance, da wasu amakirin da gangiliyon da suka ɗauka sama-sama. Kon ɗinsu ba sa ɗauka. Amma a biri da mutum kon na ɗaukar kalbindin sosai, ban da na tsakiyar fobiya, ɗan gurbin da ya fi kaifin gani, horizantal kuwa kala biyu ne, farbalbumin na kama duka, kalbindin ya fi kama ta biyun. Kalretinin a ɓera shi ne mai kyan hoto, amakirin da gangiliyon da yawa, sannan layuka uku siraru a jere a hawan saƙar ciki, inda rassan baifola da amakirin da gangiliyon ke haɗuwa, kamar an ja da rula. Na sama da na ƙasa rassan amakirin masu aika saƙo da sinadarin asetilkolin ne, waɗanda ke cikin aikin gane inda abu ya nufa in yana motsi. Mutane na amfani da layukan nan uku a matsayin ma'auni, su ce reshen ƙwaya kaza ya tsaya tsakanin na ɗaya da na biyu.

Ni abin da ya same ni ina ƙaramin ɗalibi, na karanta takardar biri na zo na zauna sati biyu cur ina ƙirga ƙwayoyin kalretinin a ƙaramin ɓera ina rubuta AII a littafi, har da jadawali mai kyau. Wata babbar 'yar lab ɗin ta leƙa madubin sau ɗaya ta ce in sake rinawa tare da alamar asetilkolin. Da yawansu suka fito da kala biyu. Ban ci abincin rana ba ranar.

Wannan sauye-sauyen riga shi ke sa nake taka-tsantsan da maganar da za ki gani a gabatarwar takardu da yawa, wai furotin ɗin nan garkuwa ne, ƙwayar da ke da su ba ta mutuwa da wuri. Akwai dalilin faɗar haka, a cutar Fakinsin mai sa makyarkyata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na dofamin masu kalbindin sun fi jurewa, a cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsi ma jijiyoyin da ke juya ido, masu wadatar irin waɗannan furotin, su ne ke daɗewa. Amma zama tare ba shi ne sanadi ba. A 1998 an duba retinar ƙaramin ɓeran da aka cire masa kalbindin ɗungurungum, horizantal ɗinsa na nan daram da siffarsu, kuma sauran 'yan'uwan ba su ƙaru sun cike gurbin ba, alhali ɓeran nan in aka sa shi tafiyar da ke son daidaito sai ya riƙa tangaɗi saboda ƙaramar ƙwaƙwalwa ta rasa shi. A ganina aikinsu a retina gyaran lokaci ne na 'yan milisakan, ba riƙe rai ba, kuma in AII ta biri da ta ɓera za su yi aiki ɗaya da furotin daban to ba furotin ɗin ne ya sa ta zama AII ba. Ki rubuta "yana iya taimakawa", kar ki rubuta "yana karewa", ranar difens wani zai tambaye ki hujja.

Abu mafi muhimmanci ga furojet ɗinki shi ne wannan: rini ya dushe ba ya nufin ƙwaya ta mutu. Ƙwayar da ke cikin wahala, ko suga ko ƙarancin jini, tana iya rage ƙera farbalbumin tana nan da ranta. In kika ga masu farbalbumin sun ragu a ɓerayen suga, abin da kika gani ke nan, masu ɗaukar rini sun ragu, in kina son cewa sun mutu sai kin kawo shaida ta biyu, wata alamar daban ko TUNEL, rinin da ke nuna ƙwaya mai mutuwa, ko ƙirgan jimillar ƙwayoyin sahun. Kuma ki sani ɓera ba shi da makula, yankin tsakiyar retina mai kaifin gani, ba ya kuma yin tsiron sababbin jijiyoyin jini irin na mai ciwon suga da ya yi nisa, abin da za ki samu canjin farko-farko ne, in sati uku ko huɗu kacal kika bar su bayan aloksan ko STZ, magungunan da ake sa musu ciwon sugan da su, kar ki sa rai da ɓarna mai yawa, kuma rashin samun bambanci ma sakamako ne, a rubuta shi haka.

Sai 'yan dabarun hannu. Ido ba hanta ba ne, kar ki jefa shi a fomalin ki tafi hutun sati, ki ɗan huda ko ki cire gaban idon don ruwan ya shiga da wuri. In akwai injin yanka mai ƙanƙara, farafomaldehaid kashi 4 na ɗan gajeren lokaci sannan sukuros kashi 30 ya fi, in kuma farafin ne kamar yawancin lab ɗinmu ba laifi, ukun nan suna jurewa, sai dai ki dafa silaid a ruwan sitiret mai pH 6 kafin ki sa antibodin da zai kama furotin ɗin a rina shi. Kalretinin ma ai a farafin masu fatoloji ke amfani da shi kullum wajen gane dajin mesoteliyoma. Retina na son ɓallewa daga bango lokacin aiki, ruwan Davidson na rage wannan. Ki yanka ta kan jijiyar gani, ki ƙirga a nisa ɗaya daga gare ta a kowace dabba don tsakiya ta fi gefe cunkoso, in ba haka ba bambancin wuri za ki auna ki ce na suga ne. Ki ba wani ya rufe lambar silaid kafin ki ƙirga, ido na ganin abin da zuciya ke so. Kowane zagaye ki bar silaid ɗaya ba antibodin farko. Kamannin nan na kalbindin da kalretinin da na ce ki riƙe, wasu antibodin, musamman irin gauraye da ake samu daga jinin zomo, suna kama duka biyun, in kika ga horizantal ɗin babban Wista sun yi rau da kalretinin ki fara zargin kwalbar kafin ki yi murnar sabon bincike. Ranar da antibodi ya iso ki rarraba shi ƙananan robobi, narkewa da daskarewa duk sanda aka ɗauke wuta shi ke kashe shi, na ga kuɗin furojet sun tafi a haka. Kuma Wista zabiya ne, haske mai ƙarfi a ɗakin dabbobi kaɗai na cinye masa rod, kejin da ke saman kanta kusa da fitila da na ƙasa ba ɗaya suke ba, ki riƙa juya su.

Batun Mama, ki gaishe ta ki ce a bar kuɗin. Kalsiyam na jini jiki ne ke tsare shi a ƙunci da homon ɗin faratairod da bitamin D, na cikin ƙwayar ido kuma ƙofofi da famfunan nan ne ke yanke shi, abin da ta haɗiya ba ya isa can ya canza komai. In likita ya rubuta mata don ƙashi wannan daban, amma sha barkatai na iya jawo tsakuwar ƙoda, kuma kalsiyam ɗin jini in ya daɗe a sama har fari-fari yake shimfiɗawa a baƙin ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya samu kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama da gilakoma, hawan jinin ido, kuma akasarinsu ba su san suna da shi ba don ba ya ciwo. Ki kai ta asibitin ido a auna ƙarfin idon, a ɗiga mata magani a leƙa bayansa, a duba suga da hawan jini, ki tafi da tabarau ɗinta in tana da shi, kuma ku je da wuri don bayan ɗigon nan sai ta yi awanni tana ganin dishi-dishi, ba za ta iya dawowa ita kaɗai ba.